Kalma Biyar

Na zaci allura ce.
Na ƙi karyawa, na sa riga mai faɗin hannu,
na ce wa Nayusa ya riƙe mini hula
in sun kwantar da ni.
Ashe tebur ne, da kujera biyu,
da fensir, da agogo a gefen takarda,
da yarinya sa'ar ɗiyata ta uku.

Ta ce sunanta Sahiya.
Ta ce, Baba, nan ba a ci, ba a faɗuwa.
Abin da ka sani ka faɗa,
wanda ya ɓace ka ce ya ɓace.
In ka gaji mu sha ruwa.
Ta tambayi barcina, da ƙwayoyin da nake sha,
da yammacin da babur ya kayar da ni a Wadata,
da ko tun daga ranar nake kiran jikana da sunan ƙanena.

Ni Tankari, dillalin albasa daga Tawa,
shekara talatin bashin Katako yana kaina,
wa ya biya, wa ya ce sai Laraba,
ban taɓa aron bik ba.
Yau ga ni an ba ni kalma biyar ajiya
kamar yaron da aka aika kanti:
tulu, kanwa, jirgi, shuɗi, zakara.
Ta ce za ta dawo ta karɓa. Na yi dariya.

Sai agogo: in zana sha ɗaya da minti goma.
Da'irar ta fito kamar ƙwan zabo,
lambobin suka taru a gefe guda
kamar fasinja a inuwar tasha.
Ta duba, ba ta ce komai ba, ta rubuta.

Cire bakwai daga ɗari, ka yi ta cirewa.
Nan kam na gyara zama.
Tasa'in da uku, tamanin da shida, saba'in da tara,
wannan gidana ne, ko a duhu na san ƙofa.

Dabbobi, duk wanda ya zo, cikin minti ɗaya.
Akuya, jaki, raƙumi, kura,
sai kaina ya yi tsit
kamar kasuwa lokacin huɗuba.
Ina jin agogon yana tafiya ba ni.

Ta zubo gunduwoyin katako, ja da fari,
in jera su yadda hoto ya nuna.
Na farko ya zauna, na biyu ya zauna,
na shida ya ƙi ni, gumi ya sauko mini a wuya.
Ta ce, da gangan suke ƙara wuya, Baba,
kowa akwai inda yake tsayawa.
Na gane. Mu ma a Adar
sai an saki igiya har ta ƙare
ake sanin zurfin rijiya.

Bayan la'asar ta ce, ina ajiyata?
Tulu. Kanwa.
Zakara ya fito da kyar, yana jan ƙafa.
Ta ce ɗaya launi ne. Shuɗi!
Na biyar na laluba aljihun kaina duka,
zare kawai na samu.

Sati biyu, in ji ta, mu dawo tare da Nayusa,
za ta nuna mana inda katanga take da ƙarfi
da inda ruwa ya ci gindinta,
da abin da za a yi kafin damina.
Ta ce kafin nan in sayi kaye, ba abin kunya ba ne.

A taksi, muna tsakiyar gada,
rana ta zube ja a kan kogi,
wani masunci yana tura sanda a hankali.
Na ce, jirgi!
Direba ya taka birki, wata mata ta yi salati.
Nayusa ya ce mu juya Lamorde in faɗa mata.

Na ce bar shi.
Huɗu ta rubuta, huɗun gaskiya ne.
Wannan ya zo a makare, da ƙafarsa,
kamar masu bashina na kirki.