Bangon Inna Ba Ya Ƙirga Awa

Ni na rubuta ƙa'idar, a wani ɗaki a Barnawa,
janareta na tari, shayi ya huce a kofi.
Na ce: a tara ƙuri'u, a raba su da sa'o'i,
abin da ya kwana ya sauka,
sabo ya samu wurin sa ƙafa.
Rifkatu ta bi lissafin da biro, ta ce babu zalunci a ciki.
Muka tafa, muka sake shi cikin wayoyin gari.

Litinin, akuyar da ta hau keke napep a Kawo
ta kwashe ƙuri'a dubu uku kafin azahar.
Talata kogi ya cika har ya lashi cikin gada,
akuya ta gangara ta goma sha bakwai.
Alhamis kuwa tumatir ne, da tsadarsa.
Kowa da rawaninsa na gishiri,
ga hadari ya haɗo.

Ran Juma'a na ɗora hoton Malam Barau,
mahaifina, a ƙofar masaƙar Kakuri,
rigar aiki, auduga maƙale a gira,
zamanin da injuna ke hana unguwa barci.
Ƙuri'u suka sauko kamar farin ɗango.
Wata tsohuwa a Makera ta aiko
wai ta gane keken da ke jingine a bango, na mijinta ne.
Ya hau na ɗaya. Na kai wa Inna,
ta goge fuskar wayar da bakin mayafi,
ta daɗe ba ta ce uffan ba.

Asabar da hantsi yana na huɗu.
Ba wanda ya janye ƙuri'arsa,
agogo ne ke cin ta ta ƙasa, kamar gara.
Da la'asar wani ango ya zame a filin rawa
ya wuce shi.

Tsakar dare na buɗe kwamfuta.
Lamba ɗaya ce tak, na san makwancinta,
in na taɓa ta, Baba zai yi mako a sama
ba mai sani sai ni.
Yatsana na rataye kan maɓalli
har aka yi kiran assalatu.
Na rufe.

Jiya Inna ke tambaya, tana tsince shinkafa:
"Har yanzu shi ne a gaba?"
Na ce ya sauka, Inna, haka tsarin yake.
"Wa ya tsara?"
Na sunkuyar da kai.
Ta ce, "To wanko mini shi a takarda.
Bangon ɗakina ba ya ƙirga awa."