Yankan Ciyawa a Bakin Narew

Abu uku babana Eugeniusz ya bar mini:
bashin banki, fadama a bakin kogin Narew,
da wannan tsohuwar tarakta
da ta girme ni da shekara shida.

Duk hunturu tana rumfa, lulluɓe da buhunan dankali.
Ɓeraye sun cinye soson kujerarta,
kaza ta saka ƙwai a gindin birki.
Da ciyawa ta kai gwiwa na yaye mata rufi,
na ce, "Tashi, tsohuwa, aiki ya zo."
Ko tari ba ta yi mini ba.

Batir na fara zargi, kamar kowa.
Na kankare koren garin da ya toshe kawunansa,
na murɗa makulli.
Ta yi gurnani sau biyu, ta koma barcinta.

Lucjan ya leƙo ta kan shinge, lofe a baki:
"Wiesia, ki kai ta wajen masu awon ƙarfe.
Ɗana zai share miki fadamar nan da sabon injinsa
kafin shayinki ya huce."
Na ce na ji.
Ban ɗago kai ba.

A ƙasan akwatin kayan aiki, ƙarƙashin tsummokara,
na tarar da ɗan littafin babana,
kowane shafi da tambarin babban yatsansa.
Ranakun juyen baƙin mai. Kuɗin fanbel.
Shekarar da ambaliya ta kai mata har wuya.
Can wajen ƙarshe, da fensir:
"Mirek, in ta ƙi tashi, iska ta shaƙa a hanyar mai.
Ka sassauta noti, ka bar ta ta yi gyatsa.
Kada ka zage ta."

Ba ni ya rubuta wa ba.
Mirek yana Dublin yana ɗaura tayil a gidajen mutane,
sai Kirsimeti muke jin muryarsa.
Amma sufana a hannuna take.

Na sassauta. Na danna ɗan famfon da yatsa,
na danna, na danna,
kumfa na fita kamar bakin ɗan maraƙi,
har mai ya zo garau, ya gangaro mini cikin hannun riga.
Na ɗaure. Sufana ta zame,
ta tafi da fatar gaɓoɓina biyu.
Na haɗiye zagin da ya zo mini baki.

Sai ta yi tari.
Ta sake, ta tofar da baƙin hayaƙi har rufi,
tsattsewa suka watse daga sheƙa,
kare ya shige ƙarƙashin amalanke.
Tuf, tuf, tuf-tuf-tuf,
duk rumfar na rawa, ni ma haka.

Saura haƙoran yanka.
Uku sun karye, sauran sun dakushe.
Na kwana biyu da guduma da magagari,
na bi kowace gaɓa da giris
yadda ake shafa wa tsoho mai a gwiwa.

Ranar Laraba, da raɓa ta ɗauke, muka sauka.
Giya ta biyu ba ta zama sai na tokare ta da cinya.
Lagireto na ɗiga;
duk zagaye biyar sai na shayar da ita da bokiti.
Ciyawa na kwanciya layi-layi a damana,
shamuwa bakwai na biye da mu a natse
suna tsintar kwaɗin da muka tona wa asiri.
Lucjan ya tsaya a kan gada. Bai ce komai ba.
Ya dai cire hula, ya sosa kai, ya mayar.

A kwanar da ke kusa da itacen da aradu ta tsaga,
inda babana kullum yake ɗaga haƙora
ban taɓa tambayarsa dalili ba,
na ji ƙas!
Sabon haƙori ya tafi.

Da dare, hannuna na warin mai da ɗanyar ciyawa,
na buɗe littafin, na lashi bakin fensir,
na rubuta a ƙarƙashin rubutunsa:
"Sha takwas ga Yuni. Ta tashi.
Dutsen nan yana nan.
Wiesia."