Sakin Layi Na Biyu

A Valparaíso, can saman tudu,
inda gidaje ke dafa kafaɗar juna kada su gangara teku,
nake gyaran takardun 'yan aji uku
da jan biro, da shayin da ya gaji da jira ya huce.

Takardar Amaro Painemal ce ta tsayar da ni.
Gabatarwa ta shigo da sallama, kamar baƙon kirki,
kammalawa ta yi ban kwana da ladabi.
Tsakiyar fa? Kasuwa ce ranar hargitsi:
ga tsadar burodi, ga karnukan unguwa,
ga keken hawa tudu da ya tsaya tun bara,
duk a ɗaki guda, kowa na magana, babu mai sauraro.

Washegari na kira shi bakin taga.
Me kake son faɗa, Amaro?
Ya ce, a gyara keken, Malama.
To burodi da karnuka, wa ya gayyace su?
Ya sosa ƙeya.
Ya ce, tsoro nake kada takardar ta yi fili.

Na ce, taura biyu ba ta taunuwa.
Sakin layi ɗaya, magana ɗaya.
Jimlar farko ce mai gida,
ta tsaya a bakin ƙofa ta faɗi sunanta,
duk wanda ba danginta ba ya nemi wani masauki.

Sannan kawo shaida.
Kada ka ce mini mutane suna wahala,
mutane ba su da fuska.
Wane ne? A ina? Ɗauke da me?

Ya yi shiru har jirgin ruwa ya yi kuka a tasha.
Ya ce, kakata Eduvigis.
Kifi take sayarwa a ƙasa, a sama take kwana.
Matakala nawa?
Ban sani ba.
Gani ya kori ji, na ce. Tafi ka ƙirgo.

Ran Litinin ya dawo da lamba a tafin hannu:
ɗari da sittin da uku.
A ta tamanin da bakwai kaka ke ajiye kwando,
ta yi kamar teku take kallo
don kada a ce numfashi take nema.

Na ce, saura ɗauri.
Shaida ba ta da baki, kai ne bakinta.
Faɗa mana me gwiwar kaka ke nufi
ga wanda ke zaune ofis yana raba kuɗin gari.
Ka ga masu ɗinkin koma a bakin ruwa?
Ba sa barin zare yana lilo,
kowane ƙulli na riƙe da hannun na gaba.

Ya rubuta. Ya soke. Ya sake.
Jimla shida kawai, amma ko wuƙa ba ta shiga tsakaninsu.
Burodi ya tafi, karnuka sun bi shi.

Da yamma na bar motar haya ta wuce,
na bi matakalar da ƙafata, jakar takardu a kafaɗa.
Ɗari da sittin da huɗu na samu.
Ban gyara masa ba.
A ta tamanin da bakwai
ni ma na tsaya kallon teku,
ƙila a nan lissafina ya ɓace.