Taƙi Ɗaya

Indo ta taso daga makaranta
da taswirar Afirka a naɗe,
ta shimfiɗa ta bisa tabarmata
nan Mai Wurno, bakin Nilu.
Babban yatsa ta ɗora a Haɗeja,
na tsakiya ya sauka ƙofar gidanmu.
"Kaka, ashe taƙi ɗaya ne!"

Taƙi ɗaya, 'yar nan?
Kakana Barau shekara tara ya yi cikinsa.
Ya yi dako a Kukawa, ya iya gaisuwar Barebari,
ya sha Chadi da tafin hannu,
a Abeshe ya binne ƙanensa.
Darfur ta ba shi mata,
Kurdufan ta ba shi ƙaro da ƙishirwa.
Makka ya nufa. Nan damina ta tare shi,
ya ce bari ya shuka dawar bana,
ga mu har yau muna girbi.

Takardar nan ba ta san ƙaya ba.
Inda aka shafa ruwan ɗorawa, mutane ne,
kowa da sunan da yake kiran gishiri.

Naɗe ta, kisra na hucewa.
Gobe ki tambayo mini malaminku
ina kabarin nan yake a jikinta.