Faɗin Ƙofa

Shekara ashirin da biyu ina riƙe da makullin
filin wasan yara da ke bayan tashar jiragen ruwa,
a garinmu na gaɓar Wales,
inda ruwan sama ba ya neman izinin kowa.
Sunana Idwal. Manjagara ce abokiyar aikina.

Kullum da asuba nakan baje ɓawon itace
a ƙarƙashin lilo, in daidaita shi,
don yaron da ya faɗo ya tashi da dariya,
ba da karaya ba.
Na yi alfahari da wannan laushi.
Ban san katanga nake shimfiɗawa a ƙasa ba.

Akwai wata yarinya, Eirlys, 'yar mai gasa burodi.
Kakarta kan turo kekenta har bakin shinge,
tayoyin gaba su nutse cikin ɓawona
kamar ƙafar tunkiya a taɓo,
sai su ja da baya, su tsaya.
Daga nan take ƙirga wa wasu lilo:
takwas, tara, goma, sauka Gethin, lokacinka ya cika.
Ni kuwa in ɗaga mata hannu,
in ce a raina, yarinyar nan akwai son kallo.

Son kallo!
Allah ya yafe mini.

Ta girma. Wata Talata ta shiga zauren kansiloli
da igiyar awo a cinyarta.
Ta ce: ƙofarku inci ashirin da shida ce,
kekena ashirin da takwas.
Inci biyu ne tsakanina da ƙuruciyata.

Kansila Prydderch ya gyara tabarau,
ya kawo zancen kasafi, da ramukan titi,
da rufin laburare da ke yoyo.
Ta ce: mai ɗaki ai shi ya san inda yake masa yoyo,
ni ma nawa ɗakin na zo nuna muku.
Aka ɗage zama. Aka sake ɗagewa.
Sannu ba ta hana zuwa, haka suka ce.
To, amma yaro ba ya jiran sannu,
girma yake yi.

Hunturu uku, sannan babbar mota ta zo.
A gabana aka kwashe ɓawona tas,
ban ce uffan ba, ko da yake ya yi mini zafi.
Aka malala roba shuɗiya mai ɗaukar taya,
aka kafa majaujawa daidai da ƙasa, babu tudu,
da lilo mai faɗi kamar sheƙar tsuntsu,
da allo mai ɗigo-ɗigo don masu karatu da yatsa,
da wani lungu bayan shuke-shuke
don yaron da hayaniya ke soka wa kai.

Ranar buɗewa iska ta kwashe rabin jawabi,
babu wanda ya bi sawunsa.
Emrys, ɗan shekara biyar, bai jira almakashi ba,
ya sunkuya ta ƙarƙashin ƙyallen, da kekensa da komai.

Na waiwaya. Eirlys tana bakin shinge,
daidai inda ta saba, hannuwa a cinya.
Sabo ne, ko ita ba ta lura ba.
Na je na buɗe ƙofar har ta bugi ƙarfe,
na tsaya ina kallon takalmina.

Ta shigo. Ta hau kusa da Emrys,
ta danne birki, ta ce: Idwal, tura.
Na tura da duk abin da ya rage a kafaɗata.
Teku ta wuce ta, coci ya wuce, gidan burodi,
teku kuma,
kuma ba ta ƙirga wa kowa ba.

Banɗakin filin har yau matakala biyu gare shi.
Sun ce sai baɗi.
Manjagarata na rataye a rumfa, ta fara tsatsa.
Igiyar awon kuwa tana aljihuna,
ita ta miƙo mini,
ta ce zaman kansiloli Talata ne, ƙarfe bakwai,
kada in makara.