Abin da Wuƙa Ta Bari

Ni kafinta ne a Valparaíso,
a tudun da gidajen kwano ke hawa bayan juna
kamar awaki a kan dutse.
Shekara goma sha tara ina haɗa wa Ermelinda Quilodrán katako,
ina ɗaure mata yadin zane har ya yi amo kamar fatar ganga,
kuma ko sau ɗaya ban ce mata na gane ba.

Farkon zuwana jirgin ruwa take zanawa,
na Belisario mijinta,
da igiyoyinsa, da lambarsa, da tsatsar gefen hagu.
Masunta kan leƙo ta taga su ce, shi ne, har warin kifin.
Sai wani watan Yuli teku ya haɗiye jirgi da mai jirgi.

Ba ta daina zana shi ba.
Ragewa ta shiga yi.
Ta fara da lambar, ta shafe da babban yatsa.
Shekarar da ta biyo baya igiyoyi suka tafi.
Takan ja da baya har bango,
ta kanne ido, ta kanne,
sai abin da ya ƙi ɓacewa
shi kaɗai take bari.

Shuɗi bakwai take shimfiɗawa, wani kan wani,
ta cuɗa na huɗu da yashin bakin ruwa,
ta jira ya sha iska kwana uku,
sannan ta ɗauki wuƙa ta kankare.
Wani lokaci ta kwantar da yadin a ƙasa,
ta tsiyaya fenti mai ruwa-ruwa, ta karkata shi,
ta ce nauyi ma yana da hannu, bari ya yi nasa.
Abin da take zubarwa a kwandon shara
ya fi abin da take ratayewa.

Ran nan na zo da ƙusa a baki, guduma a hannu,
na ce, ina sama, ina ƙasa?
Ta ce, ka taɓa shiga jirgi ran da ruwa ya yi fushi?
Na ce a'a.
Ta ce, to buga inda ka ga dama.

Na buga.
Na tattara kayana, na kai bakin ƙofa, na waiwaya.
Rana tana faɗawa ta tagar yamma.
Babu jirgi, babu mutum, babu ko tsuntsu,
shuɗi ne kawai mai tabo,
da wani siririn ja a hagu, launin tsatsa,
ya karkace kaɗan.

Cikina ya juya.
Daɓen ɗakin ya gudu daga ƙarƙashin ƙafata,
na kama ƙyaure da hannu biyu.

Tana wanke wuƙarta, ba ta ko ɗago ba.
Ta ce, gobe ka kawo mini wani,
ya fi wannan faɗi da taƙi biyu.
Har yanzu akwai abin da ya yi yawa a ciki.