Miliyan Ɗaya da Uku

Mu bakwai muka yi shekara tara muna fataucin albasa,
daga Galmi zuwa tashar Tawa,
asusu ɗaya, sito ɗaya a Geben Zogi.
Ni ke riƙe da kaye, don ni na ɗan zauna lakwal.

Ranar da Tankari ya ce a raba, kowa ya kama gabansa,
na je banki na karɓo takarda:
tamma miliyan ɗaya da uku.
Ɗaya a gaba, uku a baya,
sifiri biyar a tsakani kamar buhunan da aka zazzage.

Na raba bakwai, huɗu suka yi saura.
Tamma huɗu! Ko dala ba su cika ba,
ba mai tsire a Bilbis da zai miƙo maka hannu a kansu.
Amma suka hana ni barci.

Na kunna fitila na zauna da ita.
Mara ce, biyu ba ta shigarta.
Uku ta bar ɗaya a bakin ƙofa,
biyar ta bar uku.
Sha ɗaya ta zo, huɗu.
Sha uku ta zo, huɗun nan dai,
talatin da bakwai ma haka,
kamar bashin da ya san hanyar gidanka.

Malam Bizo, da ya tsufa da alli a farce,
ya ce mini: kada ka wuce dubu,
dubu sau dubu ya kai bakinta.
Kuma ba kowace za ka gwada ba,
sai masu taurin kai irinta,
su ɗari da sittin da takwas ne.

Dare shida na yi.
Cima tana cewa man fitila ba daga rijiya ake ɗebo shi ba.
Na kai ɗari tara da casa'in da bakwai,
ita ma ta koma da saura a hannu.

Ashe akwai lambar da ba ta da magaji,
ba mai raba ta sai ɗaya, sai ita kanta.
Na sa mata suna Gagara-Rabo.

Ran Lahadi na kai musu labari a inuwar sito,
na ce: ku duba, kuɗin ma sun ƙi.
Agali ya yi dariya har rawaninsa ya kwance.
Nomau ya lalubi aljihu ya jefo dala a tabarma,
ya ce: ɗauki uku ka cika, biyun ka sha shayi.

Nan take ta rabu.
Ban taɓa ganin abu mai ƙarfi ya faɗi da arha haka ba.

Yanzu sito na hannun mai siminti,
warin albasa bai gama fita daga bango ba.
Kayen yana ƙarƙashin katifata.
A shafin ƙarshe tana nan yadda na same ta,
ban ƙara mata ko tamma ba.